Babi na Huɗu: Tsokaci a Kan Fedar Jita Mai Aiki da Motsin Jiki

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an kawo bayanin na'urorin da makaɗan jita ke sakawa tsakanin jita da amfilifaya domin sauya amon tsirkiya, tare da yadda kowace take aiki. Wannan babi zai taƙaita ne a kan kashi ɗaya daga cikinsu, wato waɗanda ake juyawa da motsin hannu ko na kai ko na wata gaɓa, maimakon a taka su da ƙafa. Ana yawan yabon irin waɗannan na'urori da cewa sun share wa naƙasassu hawaye, tunda wanda ba ya iya taka feda yanzu ya sami wata hanya. Wannan yabo shi ne za a auna a nan: ko ya tabbata, ga wa ya tabbata, kuma me aka rasa a wajen samunsa. Sunan “feda” gado kawai suka yi, domin wasunsu zobe ne, wasu kuwa safar hannu ce, babu abin takawa a jikinsu.

4.1 Abin da Feda Take Nema a Jikin Makaɗi

Makaɗin jita ba shi da hannun da ke zaune banza. Ɗaya yana danne tsirkiya a wuyan jita, ɗayan yana kaɗa ta. Saboda haka duk wani aiki na uku da ya taso, ƙafa ake ɗora wa. Aikin ƙafar kuwa iri biyu ne. Akwai makunnin da ake dannawa sau ɗaya ya kunna na'ura, a sake dannawa ya kashe ta. Akwai kuma fedar da ake lilo da ita gaba da baya, amo yana canjawa a hankali gwargwadon inda tafin ƙafa ya tsaya. Iri na biyun shi ne abin magana.

Mafi shahara a cikinsa ita ce fedar wah-wah. Wani injiniya mai suna Brad Plunkett ne ya haɗa ta a 1966 a kamfanin Thomas Organ da ke Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ta shiga kasuwa a 1967 da sunan Vox. An liƙa wa ta farkon sunan Clyde McCoy, wani mabushin kakakin Turawa da ya yi suna wajen toshe bakin kakakinsa yana buɗewa har ya riƙa kuka kamar mutum. Cikinta ba wani abin mamaki ba ne. Akwai ɗan sanda mai haƙora a ƙarƙashin matakin, wanda ke juya wani makunni irin na ƙara muryar rediyo. Makunnin kuma yana matsar da wurin da na'urar ke ƙarfafawa a cikin sauti, daga wajen girgiza 400 a daƙiƙa ɗaya zuwa sama da 2,000. Idan diddige ya sauka amo ya yi kauri ya dushe, idan yatsu suka sauka ya yi kaifi ya buɗe.

Abin lura a nan shi ne, wannan ɗan aiki yana neman abubuwa da yawa a jikin mutum. Idan a tsaye yake, sai ya jingina nauyinsa a kan ƙafa ɗaya. Sai idon sawunsa ya iya lanƙwasawa sama da ƙasa, kuma ya yi hakan daidai da bugun kiɗa. Wanda shan-inna ya taɓa, ko wanda aka yanke wa ƙafa, ko wanda lakarsa ta sami rauni yake zaune a keken guragu, duk an bar su a baya. Makunnin kunnawa da kashewa ana iya ɗora shi a kan tebur a danna da hannu kafin a fara waƙa. Wah-wah ba ta karɓar wannan dabara, domin aikinta a tsakiyar amo yake, a lokacin da hannaye biyu suke kan tsirkiya.

Kada kuma a ɗauka abin da aka hana su ado ne kawai. Duk wanda ya saurari farkon “Voodoo Child (Slight Return)” ta Jimi Hendrix (1968) zai ji cewa fedar ce ke magana kafin waƙar ta kankama. Misalin da ya fi wannan ƙarfi shi ne kiɗan fim ɗin Shaft na Isaac Hayes (1971), inda Charles Pitts ya kaɗa jita. Abin da hannayensa ke yi a yawancin wurin bai wuce kartar tsirkiya ba. In aka cire ƙafarsa daga lissafi, babu abin da zai rage sai ƙaiƙayi. Ke nan akwai kiɗan da rabinsa a ƙafa yake zaune, wanda ba shi da ƙafar kuwa ba shi da rabon wannan kiɗa komai gwanintar yatsunsa.

Kafin a wuce, ya kamata a faɗi alherin tsohuwar feda, domin da shi za a auna sabuwa. Tana da iyaka biyu da ƙafa ke ji, gaba da baya. Tana da ɗan tauri da ke turje wa ƙafa, ta haka makaɗi yake sanin inda yake ba tare da ya duba ƙasa ba. Sannan tana tsayawa inda aka bar ta. Wannan na ƙarshen har salo ya haifar, domin makaɗa irin su Mick Ronson da Michael Schenker sun shahara da ajiye fedar a tsakiya su ɗauke ƙafa, jitar ta riƙa fita da wata murya ta hanci.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan aiki. Mai kalangu yana buga fata da makaɗi, amma hammatarsa ce ke matse tsarkiyar kalangun tana sassautawa, da haka sauti ke hawa da sauka har ya kwaikwayi karin maganar Hausa. Hammata ita ce fedarsa. Abin da ya sa yake iya faɗin sunan mutum da kirarinsa ba kuskure shi ne tsarkiyar tana turjewa, damtsensa yana jin yawan matsin da ya yi tun kafin kunnensa ya ji sakamakon.

4.2 Zoben Hot Hand

A 2006 kamfanin Source Audio da ke jihar Masacusets ya fito da Hot Hand. Waɗanda suka kafa kamfanin sun fito ne daga Analog Devices, inda ake ƙera ƙananan ma'aunan motsi irin waɗanda daga baya suka cika wayoyin hannu. Sun saka ma'auni ɗaya a cikin zobe, makaɗi ya sa shi a hannun da yake kaɗa tsirkiya. Na farkon yana da waya da ke bin hannu, daga baya aka yi marar waya mai aiki da batir. Samfurin da ake kira Hot Hand 3 yana iya shiga ramin da aka tanadar wa feda a na'urorin wasu kamfanoni, wato ya tsaya a matsayin ƙafa kai tsaye.

A zahiri matsalar da aka bayyana a 4.1 ta warware ke nan. Mutumin da ke zaune a keke, wanda hannayensa lafiya lau suke, zai iya samun kukan wah-wah ba tare da ya nemi wani ya taka masa ba. Wannan nasara ce, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Sai dai idan aka dubi yadda zoben yake aiki za a ga cewa ya ɗauke kaya ne daga ƙafa ya aza wa hannun da dama can yana ɗauke da nasa.

Ma'aunin motsi abu biyu yake ji, kuma ba ya iya raba su sarai. Yana jin karkatar hannu, saboda jan da ƙasa ke yi wa kowane abu. Yana kuma jin fizga da girgiza. To hannun da ke kaɗa tsirkiya kullum cikin fizga yake. Saboda haka duk bugun da makaɗi ya yi, zoben zai ɗauka umarni ne. A wani salon wannan alheri ne, domin amon yana bin bugu da kansa. Amma a kiɗan Shaft da aka ambata, daɗin ya zo ne daga saɓani: hannu yana gudu, ƙafa tana tafiya a hankali, kowa da lokacinsa. Zobe ba zai iya ba da wannan ba, tunda gaɓa ɗaya ba ta gudu da tafiya a lokaci guda.

Inda zoben ya fi haskawa ya tabbatar da wannan magana. A 2011 wani makaɗin jitar bes, Nathan Navarro, tare da ƙungiyarsu ta Pinn Panelle, sun kaɗa wani kiɗan Skrillex da kayan kiɗa na hannu, bidiyon ya bazu a intanet. Abin da ya burge jama'a shi ne yadda yake tsinkar tsirkiya sau ɗaya, ya ɗaga hannu yana kaɗa shi a iska, amon yana rawa yana bin hannun. Gwaninta ce babu shakka. Amma dogon amo ne mai kauri wanda ke ba hannu sararin barin tsirkiya, kuma mai yinsa mutum ne mai cikakkiyar lafiya da ke iya tsayar da hannunsa cak a duk inda ya so. Kiɗan da ya fi dacewa da zoben, ke nan, ba shi ne kiɗan da aka hana gurgu tun 1967 ba. Wani sabon kiɗa ne daban.

Daɗin daɗawa, alheran nan uku na tsohuwar feda duk sun salwanta. Iska ba ta da iyaka, ba ta turjewa, ba ta kuma riƙe hannu inda aka bar shi. Makaɗi ba ya sanin inda yake sai bayan kunnensa ya ji, wato sai bayan 'yan kallo ma sun ji. Wannan tsohuwar matsala ce. Tun 1920 Lev Termen ya ƙera a Rasha kayan kiɗan da ake kira da sunansa, wanda ake kaɗawa da kusantar hannu ba tare da taɓawa ba, kuma har yau ana lissafa shi cikin mafiya wuyar koyo. Kaɗan ne irin Clara Rockmore suka mallake shi. Dalilin bai wuce rashin abin dafawa ba. Mai zobe kamar mai kalangun da aka cire wa tsarkiya ne, aka ce ya riƙa ɗaga damtse yana saukewa a banza.

Abin ya fi tsanani ga wanda naƙasarsa ta shafi sarrafa gaɓoɓi. Mai karkarwar hannu, ko mai larurar da ke sa gaɓa ta zabura ba da niyya ba, zoben zai ɗauki kowace zabura ya mayar da ita amo, ya kuma ƙara mata ƙarfi ta lasifika. Masu ƙera shi sun tanadi makunnin da ke lallashin motsi, ya share ƙananan girgiza. Amma lallashin yana yiwuwa ne ta hanyar jira a tara motsi a ɗauki matsakaicinsa, jira kuwa jinkiri ne. In an ƙara lallashi amo ya makara, in an rage karkarwa ta fito fili. Tsohuwar feda, da nauyinta da taurinta, tana shanye irin wannan karkarwa ba tare da ta makara ba.

Ana iya cewa ai ba dole a sa shi a yatsa ba, a ɗaura shi a kai ko a gwiwar hannu. Haka ne, kuma ga wasu wannan ita ce mafita. Amma kai ma ba zaman banza yake ba. Makaɗi yana sunkuyawa ya dubi wuyan jita, yana waiwayar abokan kiɗa, in kuma mawaƙi ne bakinsa ba ya barin makirufo.

4.3 Motsin da Bai Bar Ƙafa Ba

Akwai na'urorin da ake lissafawa cikin masu aiki da motsi alhali ba su shafi wannan matsala ba ko kaɗan. A 2012 kamfanin Electro-Harmonix ya fito da Crying Tone, wah-wah ce wadda aka cire mata sanda mai haƙora da makunni mai juyawa, aka sa ma'aunin motsi, dukan akwatin yana lilo a ƙasa. Ta magance lalacewar makunni da ƙarar ƙura, amma ƙafa take nema kamar ta 1967. Na'urorin Probe na kamfanin Z.Vex kuwa faranti ne na tagulla da ke jin kusantar ƙafa ba tare da an taka ba. Wannan ya ma fi wuya, domin sai mutum ya rataye ƙafarsa a iska.

Abin sha'awa shi ne tsofaffin dabaru sun fi waɗannan kusa da buƙatar gurgu, ko da yake ba a yi su dominsa ba. Mu-Tron III ta 1972 tana buɗe amo tana rufewa gwargwadon ƙarfin da aka kaɗa tsirkiya. Akwatin magana da Bob Heil ya ƙera a 1973, wanda Peter Frampton ya shahara da shi a 1976, yana tura amon jita ta cikin tiyo zuwa bakin makaɗi, leɓe da harshe su siffanta shi. Baki kuwa yana jin abin da yake yi, kuma ba ya cikin aikin tsirkiya, illa dai ba a waƙa da shi a lokacin.

4.4 Inda Naƙasasshe Ya Riƙe Ragama

Hoton yana canjawa idan aka koma Ingila aka dubi aikin Drake Music, ƙungiyar da Adele Drake ta kafa domin makaɗa naƙasassu. Misalai biyu sun isa.

Na farko shi ne Kris Halpin, mawaƙi kuma makaɗin jita mai larurar ƙwaƙwalwa da ke hana sarrafa gaɓoɓi, wadda ta riƙa cin ƙarfin hannayensa har kaɗa jita ya soma gagararsa. Ta hanyar Drake Music ya sami safar hannu ta Mi.Mu, wadda mawaƙiya Imogen Heap da abokan aikinta suka ƙirƙira, ta kuma nuna ta a bainar jama'a a 2011. Safar tana da ma'aunin motsi kamar zobe, tana kuma jin lanƙwasar kowane yatsa. Bambancin da ya fi muhimmanci ba a nan yake ba, a cikin kwamfuta yake. Mai safar shi ne ke koya wa na'ura motsinsa: ya dunƙule hannu yadda shi yake iya dunƙulewa, ya ce mata wannan shi ne dunƙulewa, sannan ya zaɓi aikin da zai rataya masa. Zobe yana zuwa da ma'aunin lafiyayyen hannu ya ce a bi shi. Safar kuwa tana karɓar hannun da ta tarar. Har ila yau ana iya tsara ta yadda ba za ta saurari motsi ba sai an yi wata alama da yatsu, in an saki alamar amo ya tsaya inda yake. Da haka aka dawo da ɗaya daga cikin alheran tsohuwar feda.

Duk da haka akwai abin da ba a cika faɗa ba. Safar ba ta mayar wa Halpin jitarsa yadda take a da ba. Wani kayan kiɗa ta ba shi, wanda ya koya tun daga tushe, ya kuma gina sabon salo a kansa.

Misali na biyu shi ne John Kelly, mawaƙi mai fafutukar haƙƙin naƙasassu, wanda ya yi waƙa a bikin buɗe wasannin naƙasassu na duniya a Landan a 2012. Burinsa jita ne, ba wani abu mai kama da ita ba, amma hannunsa ba ya iya danne tsirkiya a wuyanta. Tare da Gawain Hewitt da Charles Matthews aka ƙera masa jitar da aka sa wa suna Kellycaster, wadda aka bayyana a 2017. Yana kaɗa tsirkiya ta gaske da hannu ɗaya, na'ura tana jin wadda ya taɓa da ƙarfin taɓawar, ɗaya hannun kuma yana zaɓar haɗin amo ta hanyar danna maɓalli. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, da aka bar wa naƙasasshe zaɓi, bai zaɓi kaɗa hannu a iska ba. Ya zaɓi tsirkiyar da yatsa ke ji da maɓallin da ke da iyaka. Wannan misali ɗaya ne, ba za a gina doka a kansa ba, amma ya isa ya sa a yi shakkar zaton da ake yi cewa rashin taɓawa shi ne sauƙi.

Akwai kuma iyakar da ba wata na'urar motsi da ta ƙetare. Curtis Mayfield, wanda wah-wah ta cika faifansa na Super Fly (1972), ƙarafan fitilun dandamali sun faɗo masa a Burukilin a watan Agustan 1990, jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Bai sake kaɗa jita ba. Faifansa na ƙarshe, New World Order (1996), a kwance ya rera shi, layi bayan layi. Duk na'urorin da aka tattauna a wannan babi sauya amo suke yi, sai an sami hannun da ya tayar da amon tukuna.

4.5 Kuɗi da Wurin Zama

Saura batun da masu yabo suka fi tsallakewa. Zobe ba ya fitar da amo shi kaɗai. Yana buƙatar akwatin da ke karɓar saƙonsa, da na'urar da zai juya, da amfilifaya, da wutar cajin batir. Safar Mi.Mu da ta shiga kasuwa a 2019 kuɗinta ya kai kimanin fam 2,500, ban da kwamfutar da za ta yi aiki da ita. Kellycaster kuwa domin mutum ɗaya aka ƙera ta, da taimakon ƙungiya da injiniyoyi. In makunnin tsohuwar feda ya lalace, mai gyaran rediyo zai iya canja shi. In ma'aunin cikin zobe ya mutu, sai dai a nemi wani zoben.

Makaɗan jita guragu da duniya ta fi sani a wannan ƙarni ba daga Amurka ko Ingila suka fito ba. 'Yan ƙungiyar Staff Benda Bilili ne na Kinshasa ta ƙasar Kwango, irin su Ricky Likabu da Coco Ngambali da Theo Nzonza, waɗanda shan-inna ya shanye wa ƙafafu tun suna yara. A kan kekunansu masu ƙafa uku suke kiɗa, kuma a kusa da gidan namun daji na birnin aka ɗauki yawancin faifansu na Très Très Fort (2009). Su ne ainihin mutanen da ake cewa fedar motsi za ta amfana: ƙafa ba ta aiki, hannu lafiya lau. Amma amon nan mai lanƙwasa da kuka, wanda ke ratsa waƙoƙinsu a wurin da wata ƙungiya za ta sa jita mai wah-wah, ba daga feda ya fito ba. Roger Landu ne, yaron da suka tsinta a titi, yake fitar da shi daga wani abin kiɗa da ya haɗa da kansa mai suna satonge: gwangwani ɗaya, da lanƙwasasshen ice, da tsirkiya guda. Yana tokare gwangwanin a ƙirji, hannu ɗaya yana tsinkar tsirkiyar, ɗayan yana matse icen yana sassautawa.